Babi na Shida: Ɗanyen Kifi a Garin Busasshen Kifi

Busasshen kifi ne ya gina Bergen. Duk wanda ya sauka a wannan birni na gaɓar yammacin ƙasar Norwe, ya tsaya a bakin tashar jiragen ruwa da ake kira Vågen, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne jerin gidajen katako masu tsinin kai, ja da rawaya da fari, kafaɗa da kafaɗa, wasu har sun karkace don tsufa. Unguwar Bryggen ke nan. Tun wajen shekarar 1360 fataken Jamus na ƙungiyar Hansa suka kafa ofishinsu a wurin, suka riƙe shi har 1754. Maza ne zalla, ba a yarje musu aure muddin suna zaune a can, kuma ba a hura wuta a cikin gidajen sai a wasu zauruka na dabam da ke bayan unguwar. Duk da wannan taka-tsantsan gobara ta sha lashe wurin, akasarin gidajen da ake gani yau bayan gobarar 1702 aka sake gina su. Abin da ya zaunar da mutanen nan cikin sanyi da duhu kusan shekara ɗari huɗu kuwa shi ne kifin da masuntan tsibiran Lofoten, can arewa mai nisa, suke ratayewa a kan dirkoki tun daga watan Fabrairu. Ba gishiri, ba hayaƙi, iska mai sanyi kaɗai ke busar da shi har ya rasa kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyinsa. Jirage su sauko da shi Bergen, su koma arewa da hatsi.

Kifin nan ba baƙonmu ba ne. Shi ne wanda ake jibgewa a kasuwar Sabon Gari ta Kano, mai taurin nan da sai an sa zarto, wanda 'yan kudu ke kira okporoko ko panla. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 an shigo da shi da yawa a matsayin agaji, kuma har gobe Nijeriya na cikin manyan masu sayensa a duniya, musamman kawunan.

To a wannan gari, inda aka kwashe ɗaruruwan shekaru ana raba kifi da ruwan jikinsa don kada ya lalace, a nan aka kai ni in ci shi ɗanye.

Wanda ya kai ni ɗan wani aminina ne da ke karatun kimiyyar teku a jami'ar garin. Muka taho cikin yayyafi, don Bergen gari ne na ruwan sama: a shekara yana samun fiye da milimita 2,000, ranakun da ruwa ke sauka kuma sun haura 200. Muka ratsa kasuwar kifi da ke bakin tashar, inda aka shimfiɗa ƙaguwa mai ƙafafu kamar damtsen yaro a kan ƙanƙara. Yaron ya ce mini asalinta daga Kamchatka take, masanan Tarayyar Sobiyet ne suka sake ta a tekun Barents a shekarun 1960, ta yaɗu har gaɓar arewacin Norwe, yanzu ta zama dukiya. Muka shiga wani lungu mai daɓen duwatsu, ya tura wata ƙofa.

"Baffa, abu ɗaya nake roƙo," in ji shi. "Kada ka yanke hukunci sai ka ci loma uku."

Abin da na fara lura da shi a ɗakin shi ne babu ƙarni. Ga kifi iri-iri a cikin akwatin katako a gaban mai yanka, amma hanci bai ji komai ba sai ƙamshin dafaffiyar shinkafa da ɗan tsami. Ƙarnin da muka ɗauka ɗabi'ar kifi ce, ashe alamar daɗewa ce. Bayan kifin teku ya mutu ƙwayoyin cuta ke fara narkar da wani sinadari da ke jikinsa, warin ya tashi, zafi kuma ya ƙara masa gudu. Mu da muka tashi nesa da teku, inda kifi ke zuwa mana a ƙyafe daga Baga ko a daskare cikin kwali, ƙyamar ɗanyen kifi hikima ce da ta tsare lafiyar kakanninmu. Ba abin kunya ba ce. Sai dai tana da iyakar inda take aiki.

Wurin ƙaramin gidan sushi ne, wato abincin Japan na yankan kifi a kan lomar shinkafa. Doguwar kanta ce ta farin katako, kujeru a jere, mai yanka a tsaye a ɗaya ɓangaren, babu labule tsakaninsa da mai ci. Dattijo ne ɗan Japan daga tsibirin Hokkaido, mataimakinsa kuma ɗan Filifin. Hakan ba sabon abu ba ne a Norwe: gidan sushi na Sabi Omakase da ke birnin Stavanger, wanda ya sami tauraron Michelin, lambar yabo ta gidajen abinci, a 2017, mai yankansa a lokacin, Roger Asakil Joya, ɗan asalin Filifin ne. Tsarin da muka zaɓa shi ne omakase. Ba a ba ka takardar jerin abinci, mai yanka ne ke duba abin da teku ta bayar ranar, ya miƙo maka ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a fara na yi tambayar da ta wajaba ga Musulmi. Kan kifin babu matsala, don a mazhabar Malikiyya duk halittar teku halal ce, da mai ƙaya da mai ɓawo. Abin dubawa romon ne. Masu sushi kan shafa wa kifi wani baƙin romo da ake dafawa da shoyu, wato tsimin waken suya mai gishiri, a haɗa da mirin da sake, kuma biyun nan na ƙarshe daga giyar shinkafa suke. Dattijon ya saurare ni har na gama, ya sunkuyar da kai, ya ɗauke ɗan kwanon romon daga gabansa ya ajiye gefe. A madadinsa ya jawo gishirin teku da lemon tsami. Bai nuna na ɗora masa nauyi ba. Ina ba duk mai zuwa irin wannan wuri shawarar ya tambaya tun farko, a fili, don ba a ganin mirin da ido.

Daga nan na zuba wa hannunsa ido. Ya tsoma yatsu cikin ruwan khal, ya tafa sau ɗaya, ya ɗebo shinkafa daga wani akushin katako mai murfi. Gajeriyar shinkafa ce mai danƙo, an gauraya ta da khal da gishiri da ɗan sukari, kuma ana riƙe ta da ɗumin jikin mutum. Da hannun dama ya mulmula ta, na hagu na riƙe da yankan kifi. Ya lakaci wasabi, wani koren yaji, da ɗan yatsa ya shafa a cikin kifin, ya ɗora shinkafar, ya danna da yatsu biyu, ya juya, ya sake dannawa, ya ajiye a gabana. Duka bai kai daƙiƙa goma ba. Girmanta da yadda ake ɗaukarta daidai lomar tuwo, kuma da hannu ya ce in ci, gaba ɗaya, nan take. Gwanintar tana cikin matsin: shinkafar ta riƙe kanta tsakanin kanta da baki, amma da ta taɓa harshe ta warwatse. Shi ya sa a Japan almajirin sana'ar kan shafe shekaru yana wankin shinkafa da dafa ta kafin a bar shi ya taɓa wuƙa.

Wuƙar ma abin kallo ce. Doguwa ce siririya, ana kiranta yanagiba, gefe ɗaya kawai ake wasawa. Ba ya kai ta ya dawo. Daga gindinta yake farawa, ya jawo ta zuwa kansa sau ɗaya har tsini, yankan ya faɗi yana sheƙi, ba tsagewa ba tsiyayar ruwa.

Loma ta farko farin kifi ce, wani shimfiɗaɗɗen kifin ƙasan teku da mutanen Norwe ke kira kveite. An kwantar da shi tsakanin ganyen ciyawar teku ya kwana. Yana da ɗan tauri, yana da zaƙi a ɓoye, sai wasabi ya bi ta hanci ya wuce. Yajin wasabi ba ya zama a harshe kamar barkono, tashi yake yi sama ya ɓace. Wanda aka ba mu na ainihi ne, saiwa ce koriya da aka goga a gabanmu. Mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna a wajen Japan wata saiwar Turai ce mai yaji aka rina. Ta biyu naman wata halitta ce mai ɓawo biyu irin na makankari, wadda masu ninƙaya ke tsintowa da hannu a ƙasan teku wajen tsibiran Hitra da Frøya. Laushinta ya wuce misali. Tsakanin loma da loma sai a ɗauki siririn yankan ɗanyar citta da aka jiƙa a khal, a wanke baki.

Ta uku ce ta tsayar da ni. Na ga fata mai ruwan azurfa da baƙin zane a gadon baya, na dubi yaron.

"Shi ne, Baffa," ya ce. "Titus ne."

Titus dai da muka sani, wanda ake saya a wurin masu kifin ƙanƙara a soya a jefa cikin miyar dage-dage. A tekun nan ake kama shi. Da kaka, bayan ya sha kiwo a ruwan arewa, kitsen jikinsa kan kusa kashi 30 cikin 100, a lokacin ne masu saye daga Japan ke zuwa masana'antun gaɓar Norwe su duba shi da idonsu kafin a daskarar. Wani kason ya nufi Japan, inda ake gasa shi a ci da shinkafa, wani ya nufi tashar Legas. Kifi ne mai saurin lalacewa, don haka ba a ba da shi ɗanye sarai. Dattijon ya ce sai ya binne shi cikin gishiri, ya wanke, ya jiƙa shi a khal, sannan ya ɗaye siririyar fatar sama. Maiƙonsa ya cika baki, tsamin ya yanke maiƙon. Ban taɓa sanin kifin da nake ci tun ina yaro yana da wannan ɗanɗano a ƙarƙashin man suya ba.

Wannan aiki na gishiri da khal shi ne tsohon sushi. A shekarun 1820, lokacin da Hanaya Yohei ya shahara da irin wannan loma a birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo, babu firji. Abincin bakin titi ne na ma'aikata masu sauri, kuma kusan kowane kifi sai an yi masa wani abu: a sa gishiri, ko a jiƙa a shoyu, ko a ɗan dafa. Kitsen cikin kifin tuna da yau ake rububinsa, a wancan zamani ba a ɗauke shi bakin komai ba, don shi ke fara ruɓewa. Na'urar sanyi ce ta mai da sushi ɗanye kamar yadda duniya ta san shi.

Sai ga samon, ruwan lemo mai farin zane, wanda duk yaron da ya ga hoton sushi shi ya gani. Dattijon ya ajiye shi a gabana ya ce kakansa ya mutu bai taɓa cin wannan a kan shinkafa ba, kuma da an miƙa masa da ya ture.

Gaskiya ya faɗa. Mutanen Japan sun daɗe suna cin samon, amma gasasshe ko mai gishiri. Wanda ake kamawa a tekun Fasifik yakan ɗauki wata farar tsutsa mai suna anisakis, wadda idan ta shiga cikin mutum da rai takan kama bangon tumbi ta jawo murɗa mai tsanani. Mutanen Ainu na Hokkaido dai sun san dabarar daskarar da shi cikin sanyin hunturu su ci a yanke, don ƙanƙara na kashe tsutsar. Ga mai sushi na Tokyo kuwa ɗanyen samon ƙazanta ne.

Canjin daga nan Norwe ya taso. A 1970 wasu 'yan'uwa biyu, Ove da Sivert Grøntvedt, suka zuba 'ya'yan samon 20,000 cikin kejin raga mai yawo a kan teku a gefen tsibirin Hitra, shekara ta zagayo suka kwashe da riba. Maƙwabta suka kwaikwaya. Kafin shekara ashirin kifi ya fi ƙarfin kasuwa, aka cika rumbunan sanyi da shi, har ƙungiyar da ke sayar wa masu kiwon ta karye a 1991. A ɗaya gefen duniya kuma Japan, wadda a da take ciyar da kanta da kifi, ta rasa wuraren kamunta na nesa bayan ƙasashe sun shata wa kansu mil 200 na teku daga 1977. A 1985 ministan kamun kifi na Norwe, Thor Listau, ya jagoranci tawaga zuwa Japan, shekara mai bi aka buɗe shirin da suka kira Project Japan. Cikin ma'aikatansa akwai Bjørn Eirik Olsen, wanda ya lura cewa kifin da ake ci ɗanye ya ninka na gashi tsada sau da yawa. Ya dage sai samon ya hau shinkafa.

Dillalan Japan suka ƙi. Suka ce launin bai yi ba, warin bai yi ba, har siffar kan kifin suka kushe. Matsalar talla ma babba ce, don ba yadda za a yi ka rubuta wa mai saye cewa kifinka ba shi da tsutsa ba tare da ka tuna masa da tsutsa ba. Aka koma nuna hotunan ruwa garai-garai da duwatsu masu ƙanƙara, ana kai kifin liyafar ofishin jakadanci da manyan otal. A farkon shekarun 1990 kamfanin Nichirei ya karɓi tan 5,000 da rahusa, bisa sharaɗin a sayar da shi don sushi kawai. Ƙofar da ta buɗe masa ba ta manyan gidaje ba ce. Gidajen sushi masu araha ne, inda faranti ke yawo a kan bel mai ci ya miƙa hannu ya ɗauka, dabarar da Yoshiaki Shiraishi ya fara a yankin Osaka a 1958. Yara suka so shi don laushi da maiƙo, iyaye suka so shi don sauƙin kuɗi. Yaran nan su ne manyan yau, kuma shekara da shekaru samon ne kan gaba a ƙuri'ar jin ra'ayin masu cin sushi a irin waɗannan gidaje. Wasu tsofaffin gidajen Tokyo har yanzu ba sa ajiye shi.

Na ci. Yana narkewa, yana da daɗi, babu mai musun wannan. Amma yaron nan karatunsa ke nan, bai bar ni na tsaya a daɗin ba.

Dokar Turai ta ce duk kifin da za a ci ɗanye sai an daskarar da shi a ma'aunin sanyi 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24. An ɗauke wa samon na keji wannan sharaɗi saboda busasshen abincin masana'anta yake ci tun yana ƙarami, tsutsa ba ta da hanyar shiga. Wannan shi ne ƙarfinsa, kuma daga nan damuwar ta fara. Keji ɗaya kan ɗauki kifi har 200,000. Cunkoso irin wannan gona ce ga ƙwarƙwatar teku, wadda ke manne wa kifi tana cin fatarsa, ta kuma bi ruwa ta kama 'ya'yan samon na daji da ke fitowa daga koguna. Hanyoyin cire ta, da ruwan ɗumi ko da goga, su ma suna raunata kifin. A 2023 Norwe ta fitar da samon tan miliyan 1.2, na kuɗi sama da kurona biliyan 120, kuma a wannan shekarar fiye da miliyan 60 suka mutu a keji kafin lokacin yanka, kusan ɗaya cikin kowane shida. A 2021 aka sa samon na daji cikin jerin halittun ƙasar da ake jin tsoron raguwarsu, a watan Yunin 2024 kuma hukuma ta rufe koguna 33 ta hana kamunsa. Duk wannan a Bergen ake muhawararsa, don a nan Mowi, kamfanin da ya fi kowa kiwon samon a duniya, yake da hedikwata, a nan kuma cibiyar binciken teku ta ƙasar take.

Launin ma daga abinci yake. Na daji yana samunsa daga ƙananan jatan lande da yake ci, na keji kuwa ana zuba masa sinadarin cikin abinci, har akwai katin launuka da ake gwada tsokar da shi. Wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ya dame ni shi ne asalin abincin. Wajen kashi 70 cikin 100 tsirrai ne, ciki har da waken suya daga Birazil, sauran kuma gari ne da man ƙananan kifaye. Wani ɓangare na man yana fitowa daga gaɓar yammacin Afirka, inda masana'antu a Muritaniya da Sanagal da Gambiya ke niƙe ƙananan kifayen da mata suka saba ƙyafewa su sayar har Mali da Burkina Faso. A 2024 wata ƙungiya ta Ingila mai suna Feedback ta fitar da rahoto a kan haka. Kamfanonin na cewa kason kaɗan ne. Ni dai a ganina, kifin da talaka zai iya ci da bakinsa bai kamata a niƙe shi don ƙara wa abincin mai hali maiƙo ba, komai ƙanƙantar kason. Ƙasar da ta shawo kan Japan da hujjar tsabtar ruwanta tana da ilimi da kuɗin da za ta gyara wannan, kuma masananta ne kan gaba wajen faɗa mata gaskiya.

Dattijon yana jin mu, ko da yake da Hausa muke yi, kalmar samon ta ishe shi ya gane. Da yaron ya fassara masa, sai ya ce shi ya sa yake ba da loma ɗaya tak ta samon, sauran duk na daji ne daga masuntan da ya sani. Ya ce yana biyansu ƙari don su kashe kifin irin yadda ake yi a Japan, a soke ƙwaƙwalwa nan take a tsiyaye jini, don kifin da ya daɗe yana shure-shure tsokarsa kan yi tsami ta saki.

Aka rufe da romon miso mai zafi da koren shayi. Kuɗin da aka rubuta mai nauyi ne, kamar komai a Norwe. Muna jiran a kawo rigunanmu na tambayi yaron ko za a iya wannan a gida da tarwaɗa ko ƙarfasa, tunda ga masu kiwonsu ko'ina.

"A'a, Baffa, ko kusa," ya ce. "Kifin kogi da na tafki tsutsotsinsa sun fi na teku haɗari, wasu hanta suke kamawa su zauna shekaru. Gishiri da khal ba sa kashe su. Kifin da ka ci yanzu, tun daga jirgin masunci har katakon nan bai bar kan ƙanƙara ba ko na awa ɗaya. In an ɗauke wuta sau ɗaya a hanya, magana ta ƙare. Tarwaɗa dai a dafa ta, ta dahu sosai."